Kifin Ƙoramar Dutse da Masu Fatsarsa: Nazari Kan Tirawut a Tsaunukan Simoki

A shekarar 1976 hukumar da ke kula da gandun dajin Great Smoky Mountains, wato Simoki, a kan iyakar jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa a Amurka, ta hana kama wani ɗan kifi da ake kira buruk. A cikin dangin kifin tirawut shi kaɗai ne ɗan asalin waɗannan tsaunuka, kuma an ƙiyasta ya rasa kusan kashi 75 cikin 100 na ruwan da yake zaune a ciki a farkon ƙarni na 20. Hujjar hanin ba ta da wuyar fahimta: kifi na ƙarewa, masu fatsa na kamawa, to a janye ƙugiya. Shekara talatin dokar ta yi tana aiki. Da masana kifi na gandun suka buɗe wasu ƙoramu don gwaji, suka kwatanta su da waɗanda ke rufe, sai suka tarar babu wani bambancin a-zo-a-gani, ko a yawan kifin ko a girmansa. A 2006 aka ɗage hanin.

Daga wannan sakamako nazarin nan ya taso. Fatsa da ƙwaron gashi, wato ƙugiyar da aka naɗa wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, an sha yin rubutu a kanta ta fuskar nishaɗi da tsadar kayan aiki. Abin da nake so in nuna daban ne. Kowace dabara da mai wannan fatsa ke yi a ƙaramar ƙorama, yunwar kifin da tsoronsa ne suka ɗora masa ita. Ita kuwa yunwar daga ƙasar da ruwan ya ratso ta fito. Wanda ya bi wannan zare zai ga cewa makomar kifin a kan gangaren dutse ake yanke ta, tun ruwan bai iso inda mai fatsa ke tsaye ba.

Ruwa mai kyau, mara abinci

An kafa gandun a 1934, a kudancin jerin tsaunukan Apalashiya, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Ƙoramun da ke cikinsa sun kai tsawon mil 2,900, wato sama da kilomita 4,600, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ke da girman da zai riƙe tirawut. Ƙololuwarsa mafi tsawo, wadda aka mayar wa sunanta na harshen Ceroki, Kuwohi, a 2024, ta kai mita 2,025, kuma a can ƙololuwa ruwan saman da ake samu a shekara ya wuce milimita 2,000. Ruwan ƙoramun garau yake, ana ganin tsakuwar ƙasansa, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Sai dai kyan ido ne kawai. Duwatsun da yake bi ta kansu tsofaffi ne masu tauri, ba su narkewa su ba ruwa sinadaran da gansakuka da ƙwari ke buƙata. Ƙoramar Abrams, wadda ta ratsa kwarin Cades Cove inda akwai dutsen farar ƙasa, ta fi sauran albarka, kifinta ya fi ƙiba, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa shaida cewa dutse ne ke raba wa kifi arziki.

Buruk, wanda masana ke kira Salvelinus fontinalis, ɗan yankin sanyi ne. A zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin nahiyar, ruwan kudu ya yi sanyin da ya dace da shi. Da duniya ta ɗumama, sai ya rage a kan tsaunuka, yau galibi sama da mita 900. Bayansa kore ne mai duhu da zane murɗe-murɗe, gefensa da jajayen ɗigo da shuɗi ya kewaye, fukafukansa na ƙasa jajaye masu farin baki. Ya fi walwala idan ruwa bai wuce digiri 16 a ma'aunin Selsiyas ba. Daga digiri 20 wahala ta fara, a wajen 25 kuwa mutuwa ce. Dalilin yana da fuska biyu. Ruwa mai digiri 10 yana iya riƙe kimanin miligiram 11 na iskar oksijin a kowace lita, mai digiri 20 kuwa miligiram 9 ne. Shi kuma kifi jikinsa na bin zafin ruwa ne, saboda haka daidai lokacin da iskar ke raguwa, lokacin ne bukatarsa ta iskar da ta abinci ke ƙaruwa.

Haihuwarsa ma a hannun ƙasa take. A watannin Oktoba da Nuwamba macen ke share ɗan gurbi a cikin tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta rufe. Ƙwan zai kwana cikin tsakuwar duk tsawon hunturu, yana rayuwa da iskar ruwan da ke kurɗawa tsakanin duwatsu. Idan laka ta gangaro daga gona ko hanya ta toshe waɗannan ƙofofi, ƙwan ya shaƙe. Idan ambaliya ta zo a tsakiyar hunturu, ta kwashe tsakuwar da ƙwan gaba ɗaya, zuriyar shekara guda ta tafi. Wanda ya tsira ma ba ya daɗewa: shekara uku, da ƙyar huɗu. Fiye da rabin manyan kifin ke mutuwa kowace shekara ko an yi fatsa ko ba a yi ba, kuma waɗanda ke kai inci 7, girman da doka ta yarda a ɗauka, ba su kai ɗaya cikin goma ba. A nan amsar gwajin da aka ɗage hanin a kansa take. Ɗan abin da masu fatsa ke ɗauka yana ɓacewa ne cikin abin da yunwa da fari da ambaliya za su ɗauka ko ta yaya.

Lissafin kifi da dabarar mai fatsa

Tirawut ba ya yawon neman abinci kamar tarwaɗa. Wuri yake kamawa ya tsaya, fuskarsa na kallon inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da igiyar ruwa za ta kawo. A 1984 Kurt Fausch ya bayyana lissafin da ke cikin wannan tsayuwa. Ruwa mai gudu ya fi kawo abinci, amma tsayawa a cikinsa na cin ƙarfi. Wuri mafi riba shi ne inda ruwa mai laushi ya yi iyaka da mai gudu, bayan dutse ko gefen gungume, kifi ya kwanta a mai laushin, ya riƙa fita yana cafkowa daga mai gudun. Kifin da ya fi ƙarfi shi ke mallakar wuri mafi riba, sauran su bi baya daki-daki. A 1984 ɗin kuma Robert Bachman ya wallafa abin da ya gani bayan ya shafe lokaci mai tsawo a kan wani dandamali yana kallon tirawut na daji a ƙoramar Spruce ta jihar Pensilbeniya. Ya tarar kifi ɗaya kan koma kan dutse ɗaya shekara da shekaru, yayin da kifin da aka kawo daga gidan ƙyanƙyasa ke ta zirga-zirga, yana tsayawa a wuraren da ke cin ƙarfi, yana samun abinci kaɗan.

Abincin kuwa ƙwari ne. Akwai dangi uku da tsutsotsinsu ke rayuwa a ƙarƙashin duwatsun ƙorama: masu siraran fukafukai a tsaye da ba su wuce kwana ɗaya ko biyu bayan sun fito, da masu gina wa kansu kwasfa da yashi da ƙirare, da masu rarrafe a kan dutse waɗanda ba su jure ruwa mara iska. Masana ingancin ruwa na ƙirga waɗannan dangi uku don sanin lafiyar kogi. Idan lokacinsu ya yi sukan taso saman ruwa su fiffiƙe gaba ɗaya, kamar yadda shinge ke tashi bayan ruwan farko, kifi ya yi ta cafka. Amma a Simoki wannan biki na watannin Maris zuwa Mayu ne. Da an shiga Yuli da Agusta, ƙwarin ruwa sun riga sun tashi, zafi ya ƙara wa kifi bukata, sai yunwa. Binciken da aka yi a ƙoramun kudancin Apalashiya ya nuna tirawut kan rame a waɗannan watanni.

Abin da ke cetonsa a lokacin daga sama yake faɗowa: tururuwa, buzuzu, fara, da koriyar tsutsar da ke lilo daga ganye. Shigeru Nakano, masani ɗan Japan, shi ya auna nauyin wannan al'amari a ƙoramar Horonai ta tsibirin Hokkaido. Shi da abokan aikinsa sun gano kusan rabin abin da kifin ƙoramar ke ci a shekara ƙwarin tudu ne. A gwajin da suka wallafa a 1999, sun rufe wani sashe na ƙoramar da rumfa don kada ƙwaro ya faɗo. Kifin ya koma kan tsutsotsin ƙasan ruwa, ya rage su, gansakukar da suke kiwo ta yi yawa. Ashe itacen bakin ƙorama ba inuwa kaɗai yake bayarwa ba, har da ciyarwa.

Da wannan lissafi a zuciya, aikin mai fatsa zai fito fili. A fatsar da aka saba da ita, nauyin ƙoto ko darma ne ke jan igiya idan an jefa. Ƙwaron gashi ba shi da nauyi, don haka aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Ita ake kaɗawa da sanda mai lanƙwasa, ta miƙe a iska, ta ɗauki wani siririn zaren nailan da ƙwaron ke ƙarshensa. Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, marubucin Rum Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. A Ingila, wani littafi da aka buga a 1496 ya lissafa irin waɗannan ƙwari goma sha biyu gwargwadon watanni. A ƙaramar ƙoramar Simoki, doguwar jifa da ake burgewa da ita a manyan koguna ba ta da amfani. Rassan wani itace mai duhuwa, rododendaron, kan haɗe bisa ruwa har mutum ya riƙa sunkuyo. Sau da yawa sai dai ya kama ƙwaron da yatsu, ya ja har sandar ta tanƙware, ya saki, ƙwaron ya kurɗa ƙarƙashin reshe. Jifar mita uku ko huɗu ta wadatar.

Abu mafi wuya shi ne tafiyar ƙwaron a kan ruwa. Ƙwaro na gaskiya ba a ɗaure yake ba, gudun ruwan da yake kai shi ne gudunsa. Na gashi kuwa yana da igiya, kuma igiyar kan kwanta a kan ruwa iri biyu ko uku masu gudu daban-daban. Da mai gudu ya ja tsakiyarta, sai ƙwaron ya fara tsaga ruwa, kifin da ya shafe rayuwarsa yana kallon abin da ruwa ke kawowa ya gane nan take. Shi ya sa gwanayen ƙananan ƙoramu ke ɗaga sanda sama su ɗauke igiya daga kan ruwa, ba abin da ke taɓa shi sai ƙwaron. Masuntan tsaunukan Japan sun daɗe da isa ga wannan amsa da salonsu na tenkara, doguwar sanda da igiya a ɗaure a bakinta ba tare da abin naɗewa ba, salon da ya fara yaɗuwa a Amurka daga 2009. Tsofaffin mazauna Apalashiya ma da doguwar gora suke yi.

Sai batun ɓuya. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma ilimin haske ya tabbatar da maganar. Saboda yadda haske ke karyewa idan ya shiga ruwa, kifi na ganin duk duniyar waje ta wata zagayayyar taga bisa kansa, mai faɗin kusurwa kimanin digiri 97. Abin da ke ƙasa-ƙasa kusa da bakin ruwa yakan matse a gefen tagar ya dushe, abin da ke tsaye kuwa, musamman idan sarari ne a bayansa, yakan fito sarai. Ban da ido, akwai wata jijiya da ta bi tsawon gefen jikinsa da ke jin motsin ruwa. Kifin da zalɓe da macijin ruwa da karen ruwa ke farauta ba ya jiran tabbaci, inuwa ɗaya ta isa ya shige ƙarƙashin dutse. Don haka mai fatsa ke bin ƙorama daga ƙasa zuwa sama, ta bayan kifi, da tufafi masu duhu, yana durƙuso a bayan duwatsu. Gurbi ɗaya jifa biyu ko uku, in ba a dace ba a wuce gaba.

Inda na fi ganin hannun ƙasa a cikin sana'ar shi ne zaɓen ƙwaro. A kudancin Ingila, koguna irin su Test da ke fitowa daga dutsen alli suna da albarka ƙwarai, ruwan na tafiya a hankali, kifi na da lokacin dubawa da ƙi. A can Frederic Halford ya kafa, daga littafinsa na 1886, aƙidar cewa dole ƙwaron gashi ya yi daidai da wanda ke tashi a ranar, launi da girma. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin dokar fatsa ta ko'ina, alhali dokar kogi mai wadata ce. Buruk na ƙoramar dutse ba shi da wannan zarafi. Ruwa na gudu, abinci kaɗan ne, in ya tsaya nazari wani ya riga shi. Ƙwaro mai yawan gashi da ke iyo da kyau, wanda mai fatsa ke iya hangowa cikin kumfa, ya ishe shi. Wanda mutanen tsaunin suka fi shahara da shi, Yallerhammer, da gashin wani maƙwaƙƙwafi mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin fiffike ake yin sa, kuma bai yi kama da wani takamaiman ƙwaro ba. Yau da rinannen gashin wasu tsuntsaye ake ɗaura shi, domin dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana taɓa na ainihin.

Abin da ya ci kifin

Gatari ne ya fara. A 1901 aka kafa kamfanin katako na Little River a ɓangaren Tenesi, ya shimfiɗa layin dogo har cikin kwazazzabai, bai daina sara ba sai wajen 1939, bayan an riga an kafa gandun. Wasu kamfanoni sun yi haka a ɓangaren Karolina. Da inuwa ta tafi, rana ta faɗa kan ruwa. Gangaren da aka tsiraita ya zubo laka cikin tsakuwar ƙwai. A wasu ƙoramu an riƙa datse ruwa, a tara gumagumai, a fasa madatsar su gangara, suna kankare duk abin da ke gabansu. Tartsatsin jirgin ƙasa kuma na cinna wa busassun rassa wuta. Buruk ya ɓace daga ƙasa-ƙasa, ya rage can sama inda sara bai kai ba.

Da a ce abin ya tsaya nan, da daji ya dawo kifi zai biyo shi ya sauko. Abin da ya hana shi ne gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya. Tun 1871 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar kifi, wadda ta riƙa ɗebo ƙwan wani tirawut mai jan zane a gefe, wanda ake wa laƙabi da bakan-gizo, daga kogunan Kalifoniya irin su McCloud, tana rarraba 'ya'yansa ta jirgin ƙasa cikin garewanin madara. Wajen 1910 aka fara zuba shi a ƙoramun Simoki da suka zama kango. Ya fi buruk jure ɗumi, ya fi shi saurin girma, kuma yana ƙwai ne bayan hunturu, don haka ambaliyar da ke kwashe ƙwan buruk ba ta cika samunsa ba. Ita kanta hukumar gandun ta ci gaba da zuba kifi har 1975, don masu fatsa su samu abin kamawa. Daji ya dawo, ruwa ya sake yin sanyi, amma baƙo ya riga ya kama wuraren riba. Binciken Gary Larson da Stephen Moore na 1985 ya nuna bakan-gizo na ci gaba da haurawa sama yana ture buruk shekaru da yawa bayan an daina sara. Inda ya tsaya galibi shi ne inda ruwa ke tsirgowa daga dutsen da ba zai iya tsallakewa ba.

A nan ya kamata a faɗi gaskiyar da masu wannan fatsa ba su cika son ji ba. Kifin da ya haihu a ƙorama, bai taɓa ganin gidan ƙyanƙyasa ba, suna kiransa na daji, suna girmama shi, kuma bakan-gizon Simoki na yau ya cika wannan sharaɗi. Amma zamansa a wurin shi ne rashin ɗan gida. Son wannan fatsa ne ya kai tirawut Kenya a 1905, inda aka zuba shi a kogin Gura na tsaunukan Aberdare, ya kai shi Afirka ta Kudu da Lesoto da Niyuzilan, inda ƙananan kifayen asali suka ja baya. Bakan-gizo da ɗan uwansa mai ruwan ƙasa na Turai duk suna cikin jerin baƙin halittu ɗari mafi ɓarna da aka tattara ƙarƙashin ƙungiyar kare halittu ta IUCN. Shi kansa buruk, da aka kai shi yammacin Amurka, ya zama mai ture 'yan gida. Mai karatu da ya san abin da giwan ruwa ya yi wa ƙananan kifayen tafkin Biktoriya bayan an zuba shi a shekarun 1950 ya san irin wannan labari. A Horonai ma an ga inda ɓarnar ke kaiwa: da aka sa bakan-gizo, ya kwashe ƙwarin da ke faɗowa daga sama, kifin gida ya koma cin tsutsotsin ƙasa, ƙwarin da ke tashi daga ruwa suka ragu, har gizo-gizon da ke saƙa a bakin ƙorama ya ragu.

Saman da buruk ya gudu ya fake ma bai tsira ba. Hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal na ɗauke da farar wuta, wadda ke saukowa da ruwan sama da hazo a matsayin asid, kuma ƙololuwa ta fi kowa sha. Duwatsun da ba su da farar ƙasa ba su iya kashe wannan tsami. Tsamin kan narko da sinadarin alminiyam daga ƙasa, shi kuma ya lalata mashaƙar kifi. Akwai ma wani dutse a tsaunin, Anakeesta, da ke fitar da asid da kansa in an fasa shi, kuma aikin hanya kusa da Newfound Gap a 1963 ya kashe kifin ƙoramar Beech Flats ta wannan hanya. Gyaran dokar tsabtace iska na 1990 da rufe tsofaffin tashoshi sun rage hayaƙin ƙwarai, sai dai ƙasa ta riga ta sha, kuma a hankali take amayarwa. Ana cikin haka, a 2002 aka ga wani ƙaramin ƙwaro ɗan asalin Asiya a gandun, mai tsotse itacen hemlok, ɗaya daga manyan masu yi wa ƙoramu inuwa.

Gyara da tsadarsa

Juyin tunani ya zo ne daga ɓangaren masu fatsa da masana tare, kuma adalci ne a ba su wannan. A 1959 aka kafa ƙungiyar Trout Unlimited a jihar Michigan, bisa ƙin jinin cika koguna da kifin ƙyanƙyasa. A jihar Montana, binciken Dick Vincent a kogin Madison ya nuna cewa da aka daina zuba kifi, na daji ya ƙaru, har jihar ta daina zubawa a kogunanta a 1974. A Simoki aikin ya fi haka wuya, domin sai an cire baƙo kafin ɗan gida ya dawo. An fara da na'urar lantarki da ake goyawa a baya, mai sumar da kifi a kwashe. Tana aiki a ƙananan ƙoramu, amma a masu zurfi kifi kaɗan da suka kuɓuce sun isa su sake cika wuri. Daga 2001, a ƙoramar Sams, aka koma ga wani magani, antimaisin, da ake ɗigawa cikin ruwa ya kashe duk kifin da ke sashen, a kashe ƙarfinsa da wani sinadari a ƙasa, sannan a kawo buruk daga maƙwabtan ƙoramu. Mafi girman aikin shi ne na Lynn Camp Prong a 2008, kimanin kilomita 13. Bayan an gama aka sake ganin bakan-gizo a ciki, har ana zargin wani ne ya zuba da gangan. Aka maimaita a 2011, ba a buɗe ƙoramar ga masu fatsa ba sai 2015.

Zuba guba a ƙoramar gandun daji abu ne mai nauyi, kuma ban ga laifin wanda zuciyarsa ta ƙi shi ba. Duk da haka ina ganin daidai ne, da sharaɗi biyu: a sami matsirgar ruwa a ƙasa da za ta tare baƙo, kuma a tabbata ƙwarin ruwa za su dawo daga sassan da ba a taɓa ba. Bakan-gizo yana da dubban koguna a nahiyoyi da dama. Buruk na kudancin Apalashiya kuwa, wanda binciken ƙwayoyin gado ya nuna ya bambanta da na arewa, har ma ƙorama da ƙorama sukan bambanta, ba shi da wani wurin.

Dokokin fatsa na gandun, ƙugiya ɗaya, ba ƙoto, kifi biyar a rana, inci 7, suna da hujja, ko da yake ba su ne ginshiƙi ba. Kifi kan haɗiye tana har ciki, ƙwaron gashi kuwa a leɓe yake kamawa. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna kusan kashi 30 cikin 100 na tirawut da aka kama da ƙoto aka saki kan mutu, na ƙwaron gashi kuwa bai kai kashi 5 ba. Amma wannan lissafi na ruwa mai sanyi ne. Kifin da aka wahalar a ruwa mai digiri 20 yana iya iyo ya tafi, ya mutu daga baya. Mai fatsar da ke ɗauke da ma'aunin zafi, ya naɗe igiyarsa in ruwa ya ɗumama, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifi, ya kauce wa taka tsakuwar ƙwai a Nuwamba, ya fi amfani ga ƙorama da wanda ke alfahari da cewa duk abin da ya kama yana saki.

Matsalar da ta rage ita ce wadda gyaran kansa ya ƙara ƙullawa. Matsirgar da ke tare bakan-gizo ita ce kuma ke kulle buruk. Kifi 'yan ɗaruruwa a kilomita biyu ko uku na ruwa, ba mai shigowa, suna auratayya a junansu, ƙwayoyin gadonsu na ƙanƙancewa. Fari irin na 2016, ko ambaliya irin wadda guguwar Helene ta kawo yankin a Satumban 2024, na iya shafe irin wannan ƙaramin garke, kuma babu ta inda wani zai hauro ya maye gurbi. A jihar Bajiniya, wani gwaji da aka wallafa a 2017 ya kai buruk kaɗan daga wani ruwa zuwa ƙoramu da suka keɓe, aka ga 'ya'yan gaurayen sun fi girma. Sai dai kowane irin wannan ɗauki na iya narkar da bambancin da ƙoramar ta shafe dubban shekaru tana tarawa. Haka abin yake a wajen gandun, inda yawancin ruwan buruk ya ratsa filayen mutane da ƙarƙashin hanyoyi. Kwalbatin da aka dasa sama da matakin ruwa yana raba garke biyu, cire shi kuwa na iya buɗe wa bakan-gizo ƙofa. Kafin a taɓa kowane ɗaya, sai an shiga ruwan da na'ura an ga wane kifi ne a sama, wane ne a ƙasa, an kuma bar ma'aunin zafi a ƙoramar tsawon Yuli da Agusta don a san ko sashen da ake son haɗawa zai iya riƙe buruk nan da shekaru masu zuwa.